Uwar Imej da 'Ya'yanta

Ɗana, maganar da ka fara yi mini a zaure ranar Juma'a ba mu ƙarasa ta ba, baƙi suka shigo. Ka ce an damƙa maka kula da wurin gwajin manhajarku, ka tarar kowane rukunin ma'aikata yana gina kwantenarsa tun daga tushe, gwajin da bai kamata ya wuce lokacin shan shayi ba yana cin kusan awa guda, kuma kana son ka gina imej guda babba wadda kowa zai ɗora tasa a kanta. Ka tambaye ni ko shawara ce mai kyau. Na ce maka eh a tsaye, ina laluben takalmina. To wannan eh ɗin tana da wutsiya, wutsiyar kuma ta fi jikin tsawo, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Lokacin da na fara wannan sana'a, wurin gwaji kwamfuta ce ta ƙarfe a lungun ofis, an manna mata takarda cewa kada kowa ya taɓa. Ba wanda ya san duk abin da ke cikinta. Wani ya zuba mata wani abu shekara uku baya ya bar aiki, wani ya murɗa wani saiti da daddare bai gaya wa kowa ba. Ranar da faifanta ya mutu, mako biyu muka yi muna ƙoƙarin tuno kamanninta. Maganar da ta fi yawo a bakinmu a zamanin ita ce "ai a kwamfutata yana aiki." Da Solomon Hykes ya nuna Docker a taron masu Python a Santa Clara cikin Maris 2013, dabarar killace manhaja ba baƙuwa ba ce, Unix na da chroot tun 1979, cgroups kuma sun shiga Linux a 2008. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne ƙunshin. Ka rubuta yadda ake haɗa wurin a takarda guda, a gina, a ɗaure, a miƙa wa wani, ya kwance ya tarar da abin da ka tarar.

Na san ka san yadda imej take, amma bari in faɗa da bakina don mu tabbata abu ɗaya muke nufi. Sahu-sahu take kamar ginin bulo. Layin farko na Dockerfile, wato FROM, shi ke faɗin a kan wa za ka ɗora gininka, wannan ita nake kira uwa. Kowane RUN ko COPY da ya biyo baya sabon sahu ne. Sahun da aka gama ba ya sake canzawa, kuma ana gane shi da lambar da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, don haka idan imej goma sha biyu suka fito daga ciki ɗaya, injin sau ɗaya zai jawo uwar, sau ɗaya zai ajiye ta. A ce uwar megabait 800 ce. Rukuni goma sha biyu kowa da irin tasa, kusan gigabait 10 ke nan. In uwa ɗaya ce, 800 ɗin nan ce kawai da ɗan abin da kowa ya ƙara a sama. Wanda ke sayen data a farashin da muke saye ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan wannan ba.

Ƙa'idar magina ma tana nan: ba a zare bulon ƙasa na sama ya tsaya. Duk sahun da ka taɓa, na samansa gaba ɗaya sai an sake su. Saboda haka abin da ba ya yawan canzawa shi ke zama a ƙasa, abin da ake taɓawa kullum ya hau can sama. Ka fara kwafo takardar da ta lissafa kayan haɗi, ka zuba kayan, sannan ka kwafo kod ɗinku. Na sha ganin yara masu kaifin kai sun juya wannan tsari, sai gyaran waƙafi ɗaya ya sa injin ya sake jawo kaya ɗari uku daga intanet, su kuma suna zagin sadarwa. Ina kyautata zaton rabin awa gudan da kake kuka da ita daga nan take. Ka duba wannan kafin ka gina komai.

Amma ribar da ta fi lokaci da data ita ce ta mudu. Wurin gwaji mudu ne. In ka auna hatsi yau da mudu ɗaya, gobe da wani, ba ka san ko hatsin ne ya ragu ko mudun ne ya ƙara ciki ba. Gwaji yana da amfani ne kawai idan abin da ya canza tsakanin jiya da yau kod ɗin ne shi kaɗai. Uwa ɗaya ga kowa tana nufin mudu ɗaya a duk kasuwar. Kai kuma da ka ce za ka gina ta, sarkin awo ka nema, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Sau biyu mudun nan ya kunyata ni, kuma ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna.

A 2017 na gina wa wurin da nake aiki uwar imej a kan Ubuntu 16.04. Na zuba mata abin da muke bukata, na gwada, ta yi kyau, na tura sito, wato rumbun ajiye imej, na ce kowa ya ɗora a kanta. Aka yi ta sa mini albarka. Daga ranar ban sake gina ta ba. Duk sanda wani ya ce, Malam, uwar nan fa ta tsufa, sai in ce a bar kaza cikin gashinta, abin da ke aiki ba a taɓa shi. Shekara huɗu tana zaune. Ko da wa'adin tallafin Ubuntu 16.04 na yau da kullum ya cika a Afrilu 2021, na ga sanarwar na ce sai an samu sarari. Ranar Alhamis 30 ga Satumba 2021, jajibirin hutun 1 ga Oktoba, wajen ƙarfe 3 na rana agogonmu, wata tsohuwar takardar shaida mai suna DST Root CA X3 ta cika wa'adinta. Shafuka masu ɗimbin yawa da ke amfani da shaidar Let's Encrypt suna da alaƙa da ita. An daɗe da shelanta ranar, injinan da ake sabuntawa sun wuce lafiya. Uwata kuwa tana ɗauke da OpenSSL 1.0.2 da jerin shaidun da ba a taɓa ba tun ranar da na ɗaure ta. Nan take kwantenoninmu suka daina yarda da wuraren da muke jawo kaya. Ba rukuni ɗaya ba, duka, a minti ɗaya, domin duk ciki ɗaya suka fito.

Gyaran kansa bai taka kara ya karya ba, sabunta jerin shaidun ne. Abin da ya cinye mini hutun shi ne da na zo sake gina uwar, sai ta ƙi ginuwa. Biyu daga cikin adiresoshin da Dockerfile ɗin ke jawo kaya sun ɓace daga intanet. Wani abu kuma da ke cikinta babu shi a takardar kwata-kwata, ashe ni da kaina na taɓa shiga kwantena na zuba shi da hannu, na daskarar da ita ta zama imej, na manta. Wato tsohuwar kwamfutar nan ta lungun ofis na sake ƙerawa, sai dai wannan ba ta da ƙarfe. Imej ɗin da ba za ka iya sake ginawa yau daga takardarta ba, ba kai ke da ita ba, aronta kake yi daga kanka na shekarun baya, shi kuma ya riga ya tafi da abin da ya sani.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na rantse ba zan sake barin uwa ta tsufa ba. Na sake tsarin, na ɗora mu a kan imej ɗin Python ta hukuma, na rubuta laƙabinta a sake, sigar Python kawai ba tare da komai ba, na sa injin ya jawo sabuwa duk dare. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Debian 12, wadda suke kira bookworm, ta fito 10 ga Yuni 2023. Cikin 'yan kwanaki laƙubban Python da ba a fayyace ba suka sauka daga kan bullseye suka koma kanta. Haka tsarinsu yake, a rubuce yake, ba su ɓoye wa kowa ba. Ni ne ban karanta ba. Bullseye na tafe da OpenSSL 1.1.1, bookworm kuwa da na 3, mu kuma muna da wata tsohuwar mahaɗa da muke magana da rumbun bayanai ta cikinta, wadda ba ta san kowa ba sai tsohon. Da safe muka tarar gwaji ya yi ja. Na duba wa ya shigar da kod na ƙarshe, sai na ga wata yarinya ce da ba ta fi wata biyu da fara aiki ba. A gaban mutane na ce mata ta cire abin da ta sa. Ta cire, gwaji bai daina faɗuwa ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce to ta bar wani abu a baya, ta sake dubawa. Kwana biyu yarinyar nan tana neman laifin da ba ta yi ba. A rana ta biyu bayan azahar ta zo ta tsaya a bakin teburina da takardu biyu, bayanan ginin makon jiya da na ranar, ta ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya a kowanne. Ta ce, "Malam, ba kod ɗina ba ne, ƙasan ce ta motsa."

Na ba ta haƙuri a gaban waɗanda na yi mata faɗa a gabansu, amma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Ka lura da abin da mudu mai motsi ke yi: ba lokaci kaɗai yake ci ba, yana sa a zargi mutane. Kuma ƙaramin cikin gida ake fara zargi.

Abin da na fahimta bayan an mare ni dama da hagu shi ne laƙabi suna ne kawai, ana iya cire shi daga kan wannan a liƙa wa wancan, kamar yadda ake gadon sarauta: sunan na nan, mutumin ya canza. Wanda suke kira latest ya fi kowanne yaudara, domin ba ya ma nufin mafi sabunta, laƙabin da ake bayarwa ne idan ba a faɗi wani ba. Ko ka fayyace ka rubuta sigar Python da sunan bookworm a jiki, laƙabin zai ci gaba da matsawa duk sanda aka yi faci. Abin da ba ya motsi shi ne zanen yatsan imej, dogon lissafin nan mai farawa da sha256 da haruffa 64 a bayansa. Shi za ka rubuta a layin FROM na uwarku, tare da laƙabin don ɗan Adam ya iya karantawa. Da haka ka ɗaure ta.

Sai dai ɗaurin da ba ranar kwancewa shi ne kuskurena na farko. Don haka ka sa rana. Mu mun tsayar da sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da aka shelanta wata ɓaraka mai haɗari. Akwai kayan aiki irin su Renovate da Dependabot da ke leƙa sito, in zanen yatsa ya canza su kawo maka takardar neman canji, gwaji ya gudana a kanta, kai kuma ka duba ka amince. Bambancin wannan da abin da ya same ni a 2023 shi ne canjin yana shigowa ta ƙofar gida da sallama, da rana, da sunansa a rubuce cikin tarihin kod. In abu ya karye, kowa ya san daga ina. Kuma ko ba abin da ya canza, ka sa injin ya gina uwar daga tushe lokaci-lokaci ba tare da ajiyar sahu ba, don kawai ka tabbata har yanzu tana ginuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da mutane ke mantawa: gyaran uwa ba ya sauka a kan 'ya'yan da aka riga aka haifa. Ka toshe rami a uwa yau, duk imej ɗin da aka gina jiya tana nan da raminta har sai an sake gina ta. Saboda haka dole ka san 'ya'yan, ka riƙe jerinsu, in ka sabunta uwa ka bi su ɗaya-ɗaya. Kada ka saki sabuwa ga kowa rana ɗaya. Ka sa mata kwanan wata a laƙabi, ka ba rukuni ɗaya masu haƙuri su kwana biyu da ita, sannan saura. Tsohuwar kuma kada ka goge ta da wuri, ka bar hanyar komawa. Ka rubuta layi biyar na abin da ya canza, ko da kana ganin ba mai karantawa. Ranar da abu ya karye za su karanta.

Yanzu kalmar da ta fi tsaya mini a maganarka. Ka ce imej guda "babba". Nan na ji gabana ya faɗi. Na san yadda abin ke tafiya. Masu Java za su ce a sa musu nasu, masu gwajin shafi su ce a sa musu burauza, wani ya ce ai ɗan ƙaramin abu ne, a jefa masa. Kai kuma yaron kirki ne, ba ka iya cewa a'a ba, halin mahaifiyarka ka ɗauko. Kafin shekara ta zagayo uwar ta zama jakar magori, ba mai iya ɗaga ta, ba mai ƙarfin halin cire komai daga cikinta don ba a san wa ke dogaro da shi ba. Duk wanda ya nemi ƙari kuma, sai kowa ya sake jawo sahu mai nauyi saboda bukatar mutum ɗaya.

Nauyin ma da sauƙi. Babbar illar uwa mai ƙiba ita ce tana sa gwaji ya yi ƙarya. Kod ɗinku zai jingina da wani laburare da ya tarar a cikinta, ba wanda ya rubuta cewa ana bukatarsa, gwaji ya yi kore, kowa ya tafa. Ranar da aka kai manhajar wurin aiki na gaske, inda babu wannan laburaren, sai ta faɗi a gaban masu amfani da ita. Gwajin da ya faɗi bisa kuskure yana ɓata maka yini. Wanda ya ci bisa kuskure kuwa sunanku yake ɓatawa.

Maganinsa shi ne imej ɗin gwaji da imej ɗin da za a kai aiki su zama 'yan ciki ɗaya. Uwa siririya, mai ɗauke da abin da manhaja ke bukata don ta rayu kawai. A kanta a ɗora manhajar. Kayan gwaji su hau daga sama a matsayin sahu na dabam wanda ba ya bin manhaja zuwa aiki. Tun sigar 17.05 ta 2017 Docker ya ba da damar gini mai matakai a Dockerfile ɗaya, FROM fiye da ɗaya, kowane mataki da sunansa, ka ɗauko abin da kake so daga wannan zuwa wancan ka bar tarkacen a baya. Ba ka da uzuri. Na taɓa ganin masu gwaji a kan Debian suna kai aiki a kan Alpine saboda ƙanƙantarta, ita da ba ta wuce 'yan megabait ba. Alpine ba ta da laifi, amma tana tafiya da musl ne, Debian kuma da glibc, kuma abin da aka harhaɗa don ɗaya ba lallai ya tashi a kan ɗayan ba. Wannan saye da mudu ɗaya ne, sayarwa da wani. In Alpine za ku kai, a kan Alpine za ku gwada. Haka ma ka tuna tun ƙarshen 2020 da Apple ya fito da M1, kwamfutar da ke kan cinyar ma'aikaci na iya zama arm64 alhali sabarku amd64 ce. Ka gina uwar don duka biyun, hukuncin ƙarshe kuma ya fito daga injin da ya yi kama da sabar.

In rukunanku sun bambanta da gaske, ka yi uwa biyu ko uku a kan kaka ɗaya. Ka tsaya nan. Na taɓa gadon wani tsari mai hawa biyar, in kana son sanin inda wani fayil ya fito sai ka yi ta bin salsala kamar mai neman asalin gidan sarauta, kowane hawa a ma'ajiyar kod dabam, biyu daga cikin masu su sun bar aiki.

Kalmar sirri da makullai kada su kusanci uwa. Abin da ya shiga sahu ya shiga. Ko ka goge shi a sahu na gaba, rufe shi kawai ka yi, duk mai imej ɗin na iya ɗaga murfin ya gani. BuildKit na da hanyar miƙa sirri lokacin gini ba tare da ya zauna a sahu ba, ka koye ta. Bayanan mutane na gaske ma haka. Na san akwai kwaɗayin kwafo rumbun bayanan aiki a daskarar cikin imej don gwaji ya yi kama da gaskiya. Sunayen mutane ne da lambobin wayarsu, amana ce, kuma imej yawo take yi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ka ƙirƙiro na bogi.

Kada kuma son tattali ya sa ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Imej ake maimaitawa, kwantena jefar da ita ake yi. Wasu don gudun daƙiƙa ashirin na tayar da PostgreSQL sai su bar kwantena ɗaya a kunne mako guda, kowane gwaji ya shiga ya bar dattinsa. Daga nan sai ka ji ana cewa gwajin nan sai an gudanar da shi bayan wancan yake ci, ko kuma yana da aljanu, wataran ya ci wataran ya faɗi. Ba aljani ko ɗaya, kwanon jiya ne ba a wanke ba. Kowane zagaye ya tashi da sabuwar kwantena daga imej ɗin da aka ɗaure, in ya gama a share ta. Irin wannan aikin ne ya sa aka ƙirƙiro Testcontainers.

Game da wadda za ka ɗauko daga waje ta zama kakar gidan, ka san gidan da ta fito. Docker Hub kasuwa ce, kowa na iya baje kolinsa, kuma an sha kama imej da ke haƙar kuɗin intanet a ɓoye da injin mutane. Ka tsaya a kan na hukuma, waɗanda Dockerfile ɗinsu ke fili kana iya karantawa. Su ma ba ma'asumai ba ne: a 2019 aka gano imej ɗin Alpine na hukuma, daga siga 3.3 zuwa 3.9, suna fitowa da asusun root ba kalmar sirri. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk wanda ya ɗora a kansu ya gaji wannan. Ka kuma zaɓi reshe mai natsuwa, ba mai gudu ba. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga ta ssh na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi sawu har ya tono ƙofar baya da aka dasa a xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga tsayayyen reshen Debian ko Ubuntu mai dogon tallafi ba. Masu jawo sabon abu duk dare daga reshe mai gudu su ne suka kwana da ita a gida. Ubuntu na fitar da mai dogon tallafi duk shekara biyu a Afrilu, da alkawarin shekara biyar. Ranar cikar wa'adin wadda ka zaɓa ka rubuta ta a inda idonka zai riƙa gani, ka fara shirin ƙaura shekara guda kafin nan.

Sai sito. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma uwar da ke zaune a sabar wani a wata nahiya aro ce komai kyanta. A Nuwamba 2020 Docker Hub ya sa iyaka: wanda bai shiga da asusu ba, jawowa 100 cikin awa shida, ana ƙirgawa da adireshin intanet, mai asusun kyauta 200. Ofis guda da ke fita ta adireshi ɗaya na iya cinye wannan kafin azahar. Sun sha taɓa ƙa'idar tun daga lokacin, abin da ke nuna maka ba a hannunka take ba. Ka kafa sitonku a cikin gida, ko da Harbor ko da ƙaramar manhajar sito ta Docker ɗin kanta a matsayin madubi, duk abin da aka jawo sau ɗaya ya zauna nan. Ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Ka tuna yadda aka yi ta fama da bankuna da layukan waya daga Abidjan zuwa Akara zuwa nan. A wannan makon wurin gwajinmu bai tsaya ba, domin uwa da kaka da kayan haɗi duk suna cikin wani inji a ɗakin da ke kusa da janareta. Yarinyar nan da na yi wa faɗa ita ta matsa aka kafa shi, watanni kaɗan bayan abin da ya faru tsakaninmu. Ni da farko cewa na yi ɓarnar faifai ce.

Abu ɗaya nake so ka nema wurin shugabanka kafin ka rubuta layi ko ɗaya. Ka ce a rubuta cewa kula da uwar nan aiki ne, da sa'o'insa a cikin mako, da sunan mai shi, da sunan na biyu wanda zai riƙe in ka yi tafiya ko ka kwanta ciwo. Ginawa kwana uku ne, za a yaba maka. Riƙewa kuwa ba ta da ranar gamawa, kuma ba mai yabo, domin in tana lafiya ba wanda ke tuna akwai ta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In suka ce ka gina kawai, kulawa a gani daga baya, gara ka bar kowa da tasa ka gyara musu jerin sahu, ka kafa sito, ka tsaya nan. Uwa goma sha biyu da masu su sun fi uwa ɗaya marainiya, don su aƙalla ba rana ɗaya za su faɗi ba.

In za ka zo ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da Dockerfile na rukuni uku da suka fi jinkiri, da bayanan gininsu na mako guda. Ka bugo su a takarda, idona ba ya jure allo da yamma yanzu. Za mu fara da layin farko na kowanne. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso.